Ina Ruwan Farfaru da Kurdawa?

Wannan shi ne jawabin da na yi a taron matasan ɓangarenmu na jam'iyya a mazaɓar Farfaru, ƙaramar hukumar Jibiya. Na ɗan gyara shi saboda masu karatu a wannan shafi, amma ban cire komai daga abin da na faɗa ba.



Allah gafarta Malam, mun gode da addu'ar buɗe taro. Iyayenmu dattawan jam'iyya, Allah Ya ƙara girma. Shugabar mata da tawagarta, sannunku da zuwa. 'Yan'uwana matasa na Farfaru, da waɗanda suka taso daga Magama, Faru, Bugaje, Gurbi da cikin garin Jibiya, sannunku da hanya. Ita kanta gaisuwar nan ta sannu da hanya, kun san akwai shekarun da in aka yi maka ita a ƙasar nan ba don al'ada aka yi ba. Da gaske ake, domin ba duk wanda ya fita ne ke dawowa ba.

A takardar taro an rubuta zan yi magana kan rajistar 'yan jam'iyya. Sakatare zai yi wannan, ya fi ni sanin lissafi. Ni akwai maganar da ta tsaya mani a wuya, kuma gara in faɗe ta a gabanku da a ji ta a bakin wasu.

Watannin baya wani yaro ya zo nan, ɗan ƙasar nan ne, yana karatun digiri na biyu a fannin sasanta rikici. Wasunku sun gan shi, mai jakar goyo da tarin takardun tambayoyi. Kwana biyu da zuwanshi sai aka kira ni a waya wai ga wani infoma can yana bin majalisu yana rubuta maganganun mutane. Da na je na tarar an zagaye shi, har an karɓe wayarshi. Ban ga laifin kowa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce a ba ni shi amana. Ya nuna mani takardar jami'arsu da katinshi, na kai shi wurin mai unguwa, sannan ya kwana uku a ɗakina.

Daren farko na tambaye shi, ƙanena, binciken naka a kan mene ne? Ya ce, "Yaya, ina kwatanta sulhun Jibiya ne da sulhun Kurdawa a ƙasar Turkiyya." Wallahi dariya na yi. Na ce ina ruwan biri da gada? Mu da muke fama da ɓarayin daji, ina mu ina wasu mutane can bayan Bahar Rum? Ni difloma gare ni, ban yi zurfi irin nashi ba, amma na ɗauka na fi shi sanin daji. Ya bar ni na gama dariyata. Da ya fara bayani, sai da aka yi kiran assalatu muna zaune.

Tau ku ji kaɗan daga abin da na tsinta, don daga baya ni ma na bi na karanta da kaina.

Kurdawa al'umma ce da ake ƙiyasta ta haura mutum miliyan 30, akasarinsu Musulmi ne. Salahuddin Ayubi da malamanmu ke ba mu labarinshi, wanda ya karɓo Ƙudus a 1187, Bakurde ne. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, da daular Usmaniyya ta faɗi, yarjejeniyar 1920 ta buɗe masu ƙofar samun ƙasa tasu, amma wadda ta maye gurbinta a 1923 ko sunansu ba ta ambata ba. Sai suka wayi gari a rarrabe cikin ƙasashe huɗu: Turkiyya, Iraƙi, Iran da Siriya. Nan ne na fara gyara zama. Mu da muke Farfaru wa zai koya mamu zafin layin da baƙo ya ja? Turawan Ingila da na Faransa suka zauna suka raba Katsina da Maraɗi, alhali har gobe sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake kiranta. A cikin taron nan wa ba ya da dangi a Ɗan Isa ko Madarunfa?

A Turkiyya sai da ta kai an yi doka a 1983 da ta haramta buga littafi ko jarida da harshen Kurdawa, ba a ɗage ta ba sai 1991. Wani mutum mai suna Abdullahi Ojalan ya kafa ƙungiyar PKK a 1978, suka ɗauki makami a watan Agustan 1984. Daga nan zuwa yau an rasa rayuka fiye da 40,000. Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai duk sun sa ƙungiyar cikin jerin 'yan ta'adda, kuma ta kashe fararen hula, kar wani ya fita ya ce na zo ina wanke ta. An kama Ojalan a Nairobi ta ƙasar Kenya a watan Fabrairun 1999, tun lokacin yana tsare a kurkukun wani tsibiri mai suna Imrali.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne labarin masu gadin ƙauye. A 1985 gwamnatin Turkiyya ta fara ɗaukar Kurdawan ƙauyuka tana ba su bindiga da albashi don su yaƙi PKK. Sai ƙauye ya shiga tsaka mai wuya. In kun karɓi bindiga, 'yan tawaye su zo da dare su ce kun zama karnukan gwamnati. In kun ƙi, soja su zo da rana su ce kuna ciyar da 'yan tawaye. A haka aka tashi ƙauyuka wajen 3,000 a shekarun 1990, mutanensu suka cika unguwannin talakawa na birane. Gaba kura, baya siyaki. Da yake faɗa mani, ni ba Turkiyya nake gani ba. Shimfiɗa nake gani a watan Maris na 2022, ranar da mata da yara suka kwararo cikin Jibiya da ƙullin kaya a ka bayan an janye sojoji.

Ina girmama 'yan sa-kanmu. Akwai waɗanda muka yi firamare tare da suka kwanta dama suna tsaron garuruwan nan, Allah Ya jiƙansu. Ina girmama yaran rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023. Amma Turkiyya yau shekara arba'in ke nan, masu gadin ƙauyen nan suna nan, ba a iya sallamarsu ba. Miƙa wa matashi bindiga aikin minti biyar ne. Ranar da za a karɓe ta, me za a miƙa mashi a madadinta? Ban ji ana wannan maganar ba a ƙasar nan, ko a jam'iyyarmu ko a ta wasu.

Sai labarin da ya fi kama da mu, don shi ma a bakin boda ya faru. A watan Oktoban 2009, lokacin da gwamnatin Turkiyya ke lallaɓa zancen sasanci, mutum 34, wasu mayaƙa wasu 'yan gudun hijira, suka shigo daga Iraƙi ta wata ƙofar iyaka mai suna Habur, kamar a ce Magama a wurinmu. An shirya abin ne don nuna kyakkyawar niyya. Sai dubban mutane suka fito tarbarsu, su kuma mayaƙan suna sanye da kakinsu, a saman mota suna ɗaga hannu. Talabijin ta nuna wa ƙasa baki ɗaya. Uwar da aka kashe ɗanta soja ta gani. Cikin 'yan kwanaki ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnati ta ja baya, daga baya har aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda suka dawo ɗin, wasu suka sake tsallakawa. Ba harsashi ko ɗaya, hoto ne ya rusa aikin.

Kun gane inda na dosa? Duk kun ga bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok na zaman sulhu a ƙananan hukumomin jihar nan: mutum ya zo wurin sasanci da bindiga a kafaɗa da jigidar harsashi, ana ɗaukar hoto da shi ana murmushi. Wanda ya sayar da gonarshi ya biya kuɗin fansa yana kallo a wayarshi. Ni ina cikinsu. A daminar 2021 aka ɗauke baffana a gona. Lokacin ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan har da tamu, sai mun hau tudu mun kamo sabis ɗin Nijar kafin mu ji muryarshi. Muka sayar da shanun huɗa da gonar fadama. Ya dawo, amma bai ƙara zama mutum ba, kafin wata damina ya rasu. Saboda haka in na ce a kiyaye sulhun nan, kar wani ya ɗauka don ba a taɓa ni ba ne.

Mu koma Turkiyya. Babban yunƙurinsu ya fara a 2013. Ranar 21 ga Maris aka karanta wasiƙar Ojalan a gaban taron jama'a a birnin Diyarbakir, yana kiran mayaƙa su tsagaita wuta su fice daga ƙasar. Gwamnati ta naɗa kwamitin mutum 63 masu kima, marubuta, malaman jami'a, 'yan jarida, har da mawaƙa da 'yan fim, aka raba su yankuna suna bin gari gari suna sauraron mutane. An samu fiye da shekara biyu jana'iza ta yi sauƙi. A ƙarshen Fabrairun 2015 wakilan gwamnati da na jam'iyyar Kurdawa suka fito tare a Santambul aka karanta sharuɗɗa goma. Bayan 'yan makonni Shugaba Erdogan ya ce bai yarda da kafa kwamitin sa ido ba. A watan Yuni aka yi zaɓe, jam'iyyar da Kurdawa suka fi mara wa baya ta ci kujeru 80, jam'iyya mai mulki ta rasa rinjayenta a majalisa. A watan Yuli bam ya tashi a garin Suruj ya kashe mutum fiye da 30, bayan kwana biyu aka kashe 'yan sanda biyu a wani gari na kusa. Shi ke nan. Kowane ɓangare ya nuna ɗan'uwanshi da yatsa, kuma babu wani na uku da aka yarda da shi da zai ce ga wanda ya fara. Yaƙin da ya biyo baya har cikin birane aka yi shi, aka rusa unguwanni.

Masana na gardama kan wa ya fi laifi. Yaƙin Siriya ma ya taka rawa. Amma ɗan binciken nan ya ce mani abu ɗaya da ban manta ba: da zaɓe ya matso, kowane ɗan siyasa ya auna ya ga faɗa ya fi kawo ƙuri'a, sai sulhun ya zama maraya.

Sai da aka yi kusan shekara goma kafin a sake zama. Ranar 27 ga Fabrairun 2025 Ojalan ya yi kira daga kurkuku cewa PKK ta ajiye makami ta rushe kanta. Ranar 12 ga Mayu ƙungiyar ta sanar ta rushe. Ranar 11 ga Yuli mayaƙa 30 suka jefa bindigoginsu cikin wuta kusa da Sulaimaniyya a arewacin Iraƙi, a watan Agusta kuma majalisar dokokin Turkiyya ta kafa kwamitin jam'iyyu don bin lamarin. Ikon Allah, a wannan ƙarshen watan na Fabrairun 2025 ne mu ma aka zauna sulhun Jibiya, bayan na Batsari. Wannan dacewar ce ta sa yaron ya zaɓi kanun kundinshi.

Yanzu bari in faɗi inda na ƙi yarda da shi, kuma na faɗa mashi a gabanshi. Na ce ƙanena, su Kurdawa suna da mutum ɗaya wanda in ya yi magana daga kurkuku, mayaƙan da ke kan duwatsu suna ji. Suna da buƙata da za a iya rubutawa: harshe, wakilci, haƙƙi. Suna da jam'iyya a majalisa. Mu fa? Dajin nan daba daba ne, kowane kachalla da yaranshi. In ka sasanta da wannan, wancan na Zurmi ko Batsari bai san zancen ba. Kuma da yawa daga cikinsu ba wata aƙida, sana'a ce kawai: shanu, fansa, haraji. Ya amsa cewa haka ne, har ya ce wannan ne ya sa namu ya fi nasu rauni, don haka ya fi buƙatar a tallafe shi. Ya ƙara da cewa a ƙarƙashin sana'ar akwai ƙorafin da ya girme ta: burtalin da aka nome, mashayar da aka toshe, Bafillatanin da aka kashe a kasuwa don kamanninshi, da yaron ruga da bai taɓa shiga aji ba. Wannan ba ya halatta jinin baffana. Amma in an ƙi kallonshi, dajin ba zai daina haihuwar sababbi ba.

Mu ma ai ba yau muka fara ba. Tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu a 2016, ya sake yi a 2019, har ya shiga daji da kanshi. Daga baya ya fito ya ce an ci amanarshi. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara, aka sako 344. Shi ya sa in talaka ya ji kalmar sulhu yake taɓe baki, kuma yana da gaskiya. Amma ku dubi abin da ɗan jihar nan, Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, ya yi a Neja Delta a 2009: shela a rubuce, wa'adin kwana 60, wuraren karɓar makamai, rajistar sunaye, horo da alawus. Yana da nashi aibun, amma an san wa ya miƙa me, kuma a hannun wa. Ku leƙa maƙwabta: Nijar ta sa hannu da 'yan tawayen Abzinawa ranar 24 ga Afrilun 1995, aka ƙone makamai a Agadas a watan Satumban 2000. Tawaye ya sake tashi a 2007, amma da yake akwai takarda da hanyar da aka taɓa bi, an sake komawa teburi, har Ba'abzine Brigi Rafini ya yi firaminista shekara goma.

Namu na yanzu ya bambanta da na Masari, don al'umma ce ta zauna. Gwamna Dikko Raɗɗa ya sha faɗi cewa gwamnatinshi ba za ta je neman sulhu da 'yan bindiga ba, sai dai ba za ta hana al'ummar da ta zaɓi hakan ba. Kuma kowa a nan shaida ne, an samu sauƙi. An noma gonakin da aka yi shekaru ba a taka ba. Kasuwar Lahadi ta Jibiya ta farfaɗo. Amma makon jiya na gwada wani abu: na tambayi mutum biyar a majalisu daban daban su faɗa mani sharuɗɗan sulhun. Amsa biyar na samu. Tau ranar da aka sace saniya ɗaya, ko aka tare wani yaron ruga a hanyar kasuwa, da wace amsar za a yi hukunci? Wa zai je ya duba ya ce ga mai laifi kafin a kai ga ramuwa?

Ga maganar da ta kawo ni. Zaɓen 2027 ya ƙarato. Wasu daga cikin manyanmu, ba zan kama suna ba, sun aiko mani cewa matasan ɓangarenmu su buɗe wuta a soshiyal midiya, duk harin da aka kai ko a ina ne a ɗauko hoton a ce ga amfanin sulhu nan, a kunyata waɗanda suka jagorance shi tunda ba namu ba ne. Har an yi maganar kuɗin data. Ɗaya ɓangaren kuma na ji suna shirin sa hoton zaman sulhu a fastar kamfen kamar gadon gidansu ne. Iyayena, ku gafarce ni, na faɗa masu ba zan yi ba, yau kuma ina maimaitawa a bainar jama'a. In wannan zai ci kujerata ta shugaban matasa, ga ta nan. Wanda ya aiko saƙon yana kwana a Katsina ko Abuja. In abin ya wargaje, ba gonarshi za a hana nomawa ba, ba ɗiyarshi za a ɗauka a hanyar ɗibar ruwa ba.

Ba cewa nake mu zama 'yan amshin shata ba fa. Adawa za mu yi, mai zafi ma, amma kan abin da zai ƙara wa sulhun ƙarfi. Mu matsa a fito da sharuɗɗan a rubuce, da Hausa da Fillanci, da boko da ajami, a karanta a masallatan Juma'a da ranar kasuwa. Mu matsa a samu kwamitin sa ido wanda ba ɗan takara a cikinshi, wanda in abu ya faru zai isa wurin kafin rana ta faɗi. A daina zuwa wurin zama da makami, a daina ɗaukar hoton da ke ƙona zuciyar waɗanda aka zalunta. Sannan maganar da kowa ke tsallakewa: diyya. Turkiyya, da duk taurin kanta, ta yi doka a 2004 ta biyan waɗanda rikicin ya raba da gidajensu da dukiyarsu. Mu ko rajistar zawarawa da marayun mazaɓar nan ba mu haɗa ba. Wannan kam ba sai mun jira kowa ba, littafi ne da biro.

Akwai kuma zancen boda, wanda Kurdawa ma suka sani, don su ma yankinsu da fataucin iyaka yake ci. An rufe mamu ita a watan Agustan 2019, aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ku lissafa yaran da ke lodi, da 'yan acaba, da masu tura baro da suka zauna ba aikin yi a tsakanin nan. Wasunsu mun san inda suka ƙare, masu kai wa daji burodi da mai. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi ta ƙasarmu zai ratsa. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, ko namu ne, mu tambaye shi yaranmu nawa za su ci abinci a wurin.

Yaron nan zai dawo bayan girbi don ƙarasa tambayoyinshi. Ya ce matsalarshi ita ce kusan duk waɗanda suka amsa mashi maza ne, kuma mutanen gari ne. Hajiya shugabar mata, na roƙe ki, ki haɗa shi da matan da suka yarda su yi magana, musamman waɗanda aka taɓa ɗauka, a gidanki, ba suna ba hoto. Ardo ma na aika mashi, ya ce zai karɓe shi. Na kuma sa yaron ya yi mani alkawari a gaban mai unguwa: in ya gama, ba zai kai kundin ɗakin karatu ya kulle da Turanci ya tafi ba, zai zo nan ya karanta mamu abin da ya gano da Hausa, mu ma mu yi mashi tambayoyi.

Maganar rajistar marayu da zawarawa, ina neman mutum bakwai da za su ɗauki aikin, uku mata, kuma aƙalla biyu kar su kasance 'yan jam'iyyarmu, don kar a ce littafin kamfen ne. Mai so ya ba sakatare sunanshi kafin a tashi. Za mu zauna ranar Litinin bayan la'asar, tunda Lahadi kowa na kasuwa.

Sakatare, bismilla, ga lasifikar. Wassalamu alaikum.